Moda Ta Tsaga Tukunyar Mahaifiyarki

Daga Haɗeja, zuwa ga autata Zulfa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Abdulganiyyu da yarinya. Allah ya tsare ku a wannan gari na Fatakwal da ake cewa ruwan sama ba ya ɗaukewa, ya ƙara miki haƙuri da marasa lafiyar da kike jinya a asibiti, ya sa aikin ya zame miki guzuri. Mu nan lafiya lau, irin lafiyar tsoho, yau gwiwa gobe ƙugu. Yayanki yana nan kullum a kan babur kamar an ɗaure shi a kai, matarsa Larai ta yi zazzaɓi ta warke, yara duk suna makaranta. Ruwa ya fara ja da baya a fadama, kuma an ce shinkafa ta yi kyau ta wajen Auyo in tsuntsu ya bar ta. An ce nake cewa, domin ni ba wanda ya kai ni na gani.

Za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Kin san ban yi boko ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Maƙwabcinmu Haladu tela ne yake rubutawa, ina zaune a bencin shagonsa ina faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya sa wa maganata sukari, yadda ta fito haka zai aza ta. Na zaɓi takarda ne saboda waya ta ishe ni. In kin kira, tambayarki biyu ce, na ci abinci, na sha magani. Kafin in gyara murya in shiga maganar da ke raina sai in ji ana kiran ki ta can gefe, ki ce Baba zan sake kira. Ga yayanki tsaye a kaina yana jiran wayarsa, ga Larai ta daina daka tana saurare. Takarda kuwa ba wanda zai katse ta. Munzali direba, mai kai busasshen kifi ƙasarku, shi zai kawo miki ita hannu da hannu, ki zauna ki karanta har ƙarshe.

Maganar shukokin nan ce da kika bar mini a ɗaki. Ba sai na tuna miki yadda aka yi na zo garin nan ba, amma zan tuna miki, don kun iya mantuwa. Ambaliya ta ci gidanmu na ƙauye, yayanki ya ɗauko ni kamar buhun gero ya ajiye a ɗakin siminti, ya sayar da kwalekwalena bai shawarce ni ba, ya ba wasu aron gonar da na yi shekara da shekaru ina ƙwatar ta daga bakin ciyawar kacala. Wai gwiwata ba za ta iya laka ba. A lokacin kika zo, zuwanki na ƙarshe ke nan, kina da ƙaramin ciki. Kika gan ni zaune ina kallon bango, sai kika fita kika dawo da shuka uku, kika ce tunda an raba ni da gona ga abin da zan riƙa gani kore. Ɗaya alobera, ɗaya mai yaɗo a cikin kwalbar ruwa, ta ukun kuma mai dogayen ganye masu zane, tsaye cak kamar takubba. Kika kira ta da wani suna na Turanci kina ta yabonta, wai a manyan ofisoshi ake ajiye ta. Na ce miki wannan ai moda ce, a gindin suri take fitowa a dawa, ko akuya ba ta kula ta, maharba ne kawai suke jiƙa ganyenta su fitar da zare su yi tsirkiyar baka. Kika yi dariya har da riƙe ciki. Har yanzu in ɗakin ya yi shiru nakan ji wannan dariyar.

Abin da ban yi dariya a kansa ba shi ne tukunya. Duk cikin kayan mahaifiyarki, Allah ya jiƙan ta, tukunyar miyar nan ta ƙasa ce kaɗai ta fito daga ruwa, na tsince ta a maƙale a saiwar tsamiya ko ƙwarzane babu. Kika ɗauke ta, kika sa ƙusa kika huda gindinta, kika dasa modar a ciki. Kika ce gara ta riƙe abu mai rai da ta zauna a ƙarƙashin gado gizo-gizo yana saƙa a ciki. Ranar ban ci tuwon da kika tuƙa ba, kin sani. Ban ce na huce ba har yanzu, na dai daina faɗa.

Da za ki tafi kika tsaya a bakin ƙofa kina ba ni umarni kamar ni ne ɗan. Wai waɗannan ba sa son wahala, kada in ba su ruwa sai ƙasa ta bushe, kada in sa su a rana tsaka, kada in zuba musu taki, in na manta da su ma sun fi so. Na ce to, don kada ki makara a tasha. Amma ki duba mini, Zulfa. Mutumin da ya tashi ya ga shinkafa tsaye cikin ruwa har gwiwa, wanda ya san in fangalin shinkafa ya yi yoyo sai an bi shi da laka an toshe kafin a karya kumallo, shi za a ce wa ya zuba ruwa a tukunya ya zauna yana kallo yana tsiyayewa ta gindi? Kina fita na kwaɓa laka na toshe hujin nan, na alobera da na moda duka. Kullum in na yi alwalar asuba sai in juye musu ragowar butar, ruwa ya kwanta a sama yana sheƙi, raina ya yi fari. Ba a jima ba alobera ta yi laushi, gindinta ya koma kamar dafaffiyar kuɓewa, ta kife. Yayanki ya ce ni na kashe ta. Na ce masa ruwan famfon garin nan ne mai warin magani, da ruwan kogi ne da tana nan. A kan haka nake har gobe, kuma Haladu ya rubuta haka ko da yake ina jin yana dariya ƙasa-ƙasa.

Ita modar sai ganye biyu suka yi rawaya daga ƙasa. Larai ta faki idona na tafi masallaci, ta sa tsinke ta buɗe hujin, ta ɗora tukunyar a kan tubali biyu. Da na dawo na ga ruwa baƙi mai wari ya malale a siminti, na yi faɗa sosai. Ta durƙusa ta ce in yi haƙuri, amma ke kika kira ta kika ce ta yi, in kuma ina da magana in kira Fatakwal. Na ce mata ni ma dama yau na yi niyyar buɗewa. Tun daga ranar na sauya mata tsari, kuma ni na ga dama. Nakan tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in na ji sanyi-sanyi in ƙyale ta, in na ji ta bushe kamar garin ƙuli sai in ba ta ruwa ta ƙoshi, ya fita ta gindi, in kau da kai don kada in ga asarar. Lokacin sanyi takan daɗe ƙwarai ba ta nema ba. Na matsar da ita kusa da taga inda haske yake shigowa amma rana ba ta dukan ta. Ranar Juma'a in na goge takalmina na masallaci, sai in jiƙa wani tsumma in bi ganyenta ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa mai yaɗon, in ruwan kwalbarta ya yi duhu in zubar in sa sabo, shi ke nan, ta bi ƙusoshin da na kafa mata har ta zagaye taga tana neman ƙofa. Aikin duka bai kai na ɗaure akuya ba.

Wannan sauƙin nasu shi ya fi ci mini rai, in gaya miki gaskiya. Shinkafa in ka yi kwana biyu ba ka leƙa ta ba za ta nuna maka fushinta, ko ciyawa ta rufe ta ko tsuntsu ya sauka. Ka san ana bukatar ka. Ita wannan ko ka zo ko kada ka zo, tana tsaye. Wata rana ina zaune ina kallon ta sai na ce wa Haladu, wanda ya zaɓo shukar da ba ta neman kowa ya san ba zai dawo da wuri ba. Na ce ina jin haka 'ya'yana suka ɗauke ni, a sa ni inda rana ba ta duka, a leƙo jefi-jefi a tura yatsa a ji ko na bushe. Haladu ya ce in ji tsoron Allah, moda ba ta mita, ni kuwa tun daga kan kwana ake jin tawa. Na ce masa ya ji da ɗinkinsa, wuyan rigar da ya yi mini bara har yanzu a karkace yake.

To ga abin da ya faru. Modar nan da ba ta neman komai, ashe a ƙarƙashin ƙasa aiki take yi. Bara na ga wani ɗan tsiro ya leƙo a gefe, a naɗe kamar kunnen ɓera. Kafin damina ta fita sun zama da yawa, kowanne yana tura ɗan'uwansa, har ba inda zan sa yatsa sai na lalluba. Da daminar bana ta tsaya, wata safiya ina shafa tukunyar sai farcena ya faɗa cikin tsaga, tun daga baki har kusan gindi. Tukunyar da kogi bai iya fasawa ba, 'ya'yan moda sun tsaga ta daga ciki. Ban gaya wa kowa ba. Na yanki tsofaffin ganye biyu, na jiƙa su a bokiti har suka ruɓe, na buga su a kan turmi na wanke, zaren ya fito fari tas. Na murza igiya a cinyata yadda muke yi muna samari, na yi wa tukunyar ɗauri uku, sama da tsakiya da ƙasa. Hannuna bai manta ba. Yanzu da igiyar jikinta take riƙe da gidanta.

Larai ce ta fara gani, ta gaya wa yayanki, shi kuma ya gaya miki. Duk suka taru a kaina wai a zazzage ta a raba, a bar uwar da ɗa ɗaya ko biyu, sauran a sa su a wasu tukwane, in ba haka ba tukunyar za ta rabe biyu. Haladu ma ya sa baki, ya ce abin kunya ne a ce Muttaka, wato ni, wanda ya yi suna wajen dashe tun daga ƙauyenmu har Auyo, shi ne yake barin iri ya cushe a gado ɗaya yana shaƙe kansa. Ai na sani. Wa zai koya mini cewa iri in ya kai a cire shi, cire shi ake yi? Ba ni na sa hannu a kan aurenki ba, alhali na san inda za a kai ki sai an kwana a hanya? Na san dashe. Amma a duk shekarun da na yi a fadama ban taɓa ganin mai gona ya zauna a gida ya aiko direba ya ciro masa iri ba. Da ƙafarsa yake zuwa, ya tuɓe takalmi, ya shiga lakar, ya cira da hannunsa.

Wannan ita ce amsar saƙonki. Kin ce wa yayanki in Munzali zai taso a ciro miki ɗa ɗaya a naɗe a jarida, kina so ki dasa a gidanki don ki riƙa ganin abin da ya fito daga tukunyar mahaifiyarki. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan bayar ba. Ga kifi nan na sa an ba Munzali, ga kuka da daddawa daga Larai, moda kuwa ko ganye ɗaya ba zai hau motar kifi ba. Ke kika huda tukunyar, ke kika dasa, ke za ki zo ki kwance igiyar. Na faɗa wa mutanen gidan duk wanda ya taɓa ta ban yafe ba, kuma sun san ni.

Yanzu sai maganar da aka ce kada in gaya miki. Yayanki ya ce hankalinki zai tashi ga aiki ga yarinya, a bari sai kin zo. Na ce masa in ana jiran zuwanki ne, to ba ranar faɗa. Zulfa, idona yana tafiya. Tun bara nake tuntuɓe da buta, in mutum ya zo ta gefena sai ya yi magana nake sanin yana nan. Na ɗauka yanar ido ce irin wadda aka kankare wa Garba abokina ya dawo yana zura zare a allura. Da aka kai ni wajen likitan ido, ya haska ya daɗe yana dubawa, sai ya ce wannan ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe ragowar. Ke ma'aikaciyar asibiti ce, kin fi ni sanin abin da yake nufi. Ya ba ni maganin ɗigawa safe da yamma. Ina ɗigawa, kada ki fara yi mini faɗa, Larai ba ta bari in tsallake. Na hagu ya kusa rufewa. Na dama kuwa kamar ina leƙe ta bakin gora, abin da ke tsakiya ina ganin sa sarai in da haske, amma bakin gorar kullum ƙara tsukewa yake. Da can daga shimfiɗata ina ganin modar gaba ɗaya har da tagar da ke bayanta. Yanzu sai in bi ta ganye-ganye.

Ba tsoron makanta nake ji ba. Na ga abin da zan gani a duniya, na ga kogi ya cika ya kawo har bakin tsamiya, na ga shekarar da ya ƙafe muka haƙa rijiya a cikinsa, na ga fadama ta yi fari da tsuntsayen da ke zuwa daga wata ƙasa lokacin sanyi. Ɗakin nan kuma na haddace shi, ko a duhu na san inda komai yake. Shukokin ma ba su bukatar idona, yatsa ya ishe su. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Yarinyar nan da kika tafi da ita a ciki, kuka sa mata sunan mahaifiyarki kuke kiran ta Ummi, ga shi har ta yi wayo tana magana, ban taɓa ɗora ido a kanta ba. Yayanki yakan miƙo mini waya ya ce ga hotonta, in karɓa in ce masha Allah. Gilashi ne mai ƙyalli da wani ɗan abu a tsakiya, ban ga komai ba. Larai ta ce goshinta da 'yar wushiryarta sak na marigayiya. Kowa ya gani ya faɗa, sai ni da na zauna da mai goshin fiye da kowa.

Ki gaya wa amaryar tawa mijinta na Haɗeja yana fushi, an ɗaura aure tun ranar suna amma har yau ba ta tare ba. Na ji muryarta a waya tana kira na da wani suna na Turanci, ki koya mata ta ce Kaka kafin ta iso, kada ta ba ni kunya a gaban Haladu. Ki kuma gaya wa Abdulganiyyu ina gaishe shi, ban ce ya yi laifi ba, na san hanya da nisa, na san hutu a wurin aikinku sai an yi ta roƙo. Duk na ji waɗannan dalilai, na ji su bara, na ji su bara waccan, kuma kowanne gaskiya ne. Amma likitan bai ce mini idon zai jira hutu ba.

Na riga na yi shiri. Na sa an kawo mini sabuwar tukunya daga wajen masu ginin tukwane, na ce su huda gindin tun tana ɗanya, da bakina na faɗa, ki ji. Garba ya je ƙauye na roƙe shi ya ɗebo mini ƙasar gonarmu cikin buhu, na gauraya ta da yashin bakin kogi don kada ta riƙe ruwa. Suna nan a bayan ƙofa. In kun zo, da hantsi za mu yi aikin, lokacin da haske yake cika tsakar gida. A shimfiɗa tabarma, ki kwance igiyar, ki zazzage, ki sa wuƙa ki raba, ki zaɓi wanda kike so. Ni ba zan sa hannu ba, ba zan ma yi gyara ba, ko da yake Haladu ya ce wannan alkawarin ya fi ƙarfina. Ni dai a zaunar mini da yarinyar a gabana, daidai inda idon yake kamawa.

Larai tana gaishe ki, ta ce ki taho mata da man ja mai kyau. Yayanki yana gaisuwa, bai san abin da ke cikin takardar nan ba, in ya ji zai yi fushi, ya yi ta yi, ni ma ina da nawa a kansa. Garba yana gaishe ki, Haladu ma ya ce a sa sunansa, wai hannunsa ya gaji kuma na hana shi ɗinki tun safe. Ki gaishe da maƙwabtanki da suke taimaka miki da yarinya, Allah ya saka musu da alheri.

Igiyar da na murza mai ƙarfi ce, za ta riƙe tukunyar zuwa wani lokaci, in ta saki zan murza wata. Idon ne ba ni da igiyar da zan ɗaure shi. Ƙasar tukunya na yarda in san ta da yatsa, Zulfa. Fuskar jikata ba na so in san ta da yatsa. Ku zo tun da sauran haske.

Allah ya yi miki albarka, ya kawo ku lafiya.

Ni ne mahaifinki,
Muttaka.